Wane Ma'auni Ya Dace da Auna Nauyin Aikin da Mai Amfani da Manhaja Ke Ji?

Mutum biyu kan iya zama a gaban manhaja iri ɗaya, a ba su aiki iri ɗaya, su kammala shi cikin minti uku ba tare da kuskure ba, amma ɗaya ya tashi hankalinsa kwance, ɗayan kuwa ya tashi yana sauke numfashi bayan ya karanta umarni guda sau uku, ya riƙe wata lamba a kansa yana maimaita ta a leɓe don kada ta ɓace masa kafin shafi na gaba ya buɗe. Agogo ba ya bambanta waɗannan mutum biyu, haka ma lissafin nasara da kuskure. Abin da ya raba su shi ne nauyin da aikin ya ɗora wa kowannensu, kuma wannan nauyi shi ne yake yanke hukuncin ko mutum zai dawo gobe, da kuma ko zai fara kuskure a sa'a ta shida ta aikinsa, lokacin da gajiya ta riga ta cinye sauran ƙarfin hankalinsa. Saboda haka masu binciken yadda jama'a ke amfani da na'urori da manhajoji suka daɗe suna neman hanyar tambayar mutum game da wannan nauyi, su mayar da amsarsa lamba.

Ma'aunan da aka samar don wannan buƙata suna da yawa, kuma mai bincike kan ruɗe wajen zaɓe, sai ya ɗauki wanda ya fi suna. Ra'ayina shi ne sunan ma'auni ba hujja ba ne, kuma abin da ya kamata ya ja ragamar zaɓin shi ne tsawon aikin da ake gwadawa da irin hukuncin da za a yanke da sakamakon. Wanda yake son sanin wane shafi ne ke wahalar da mutane yana da buƙata dabam da wanda yake son sanin dalilin wahalar.

Wanda ya fi shahara shi ne NASA-TLX, wanda Sandra Hart da Lowell Staveland suka wallafa a 1988 daga cibiyar bincike ta Ames ta hukumar sararin samaniyar Amurka, bayan shekaru ana gwaje-gwaje. An gina shi ne domin matuƙan jiragen sama da masu sarrafa injuna, kuma wannan asali yana bayyana a tsarinsa. Yana raba nauyin aiki gida shida: yawan tunanin da aikin ya buƙata, yawan aikin jiki, matsin lokaci, yadda mutum yake ganin ya yi nasara, yawan ƙoƙarin da ya zuba kafin ya kai wannan matsayi, da kuma takaicin da ya ji. Kowane gida yana da layinsa mai gabobi 21, wanda ake lissafawa daga 0 zuwa 100 da tazarar biyar-biyar, kuma mahalarci yana sa alama a inda ya ga ya dace da shi nan da nan bayan ya gama aikin.

A tsarin asali akwai mataki na biyu. Ana gabatar wa mahalarci waɗannan gidaje shida bibbiyu, wato sau 15, kowane karo a tambaye shi wanne ne daga cikin biyun ya fi taka rawa a nauyin da ya ji. Adadin lokutan da aka zaɓi kowane gida shi ne ƙimarsa, sai a ninka makin gidan da ƙimar, a tara duka, a raba da 15. Manufar tana da kyau, domin abin da wani ya ɗauka wahala ba shi ne wahalar wani ba. Akwai wanda gaggawa ce ke tayar masa da hankali, akwai wanda yawan tunani ne. Sai dai idan aka zauna da lissafin za a ga wani abu da ba kasafai ake faɗa ba. Duk mahalarcin da ya amsa tambayoyin 15 ba tare da ya saɓa wa kansa ba, dole ƙimominsa su fito biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya da sifili. Ba shi da damar cewa abubuwa biyu sun dame shi daidai wa daida, ba shi da damar ba wa abu ɗaya fiye da kashi ɗaya bisa uku na nauyin ko da shi kaɗai ne matsalar, kuma tilas wani gida ya faɗi ƙasa warwas ko da ya ba shi maki mai yawa a mataki na farko. Wato tsarin yana tilasta wa kowa jeri iri ɗaya, abin da ya rage wa mutum kawai shi ne ya zaɓi wanda zai zauna a kowane mataki.

Wannan, tare da lokacin da matakin ke ci, ya sa masu bincike da dama suka watsar da shi, suna ɗaukar matsakaicin makin gidajen shida kai tsaye, abin da ake kira ɗanyen TLX. Tun a 1989 Byers da Bittner da Hill suka kwatanta hanyoyin biyu suka ga sakamakonsu yana tafiya kusa da juna ƙwarai. Ita kanta Hart, a bitar da ta yi a 2006 ta bincike 550 da suka yi amfani da ma'aunin, ta ambaci cewa sauke wannan mataki yana daga cikin gyare-gyaren da aka fi yi, kuma binciken da suka gwada hanyoyin biyu ba su haɗu a kan wadda ta fi ba: wasu sun ga ɗanyen ya fi gano bambanci, wasu sun ga akasin haka, wasu sun ga babu bambanci. A binciken manhaja na yau da kullum, ban ga dalilin da zai sa a gajiyar da mahalarci da tambayoyi 15 don ribar da ba a tabbatar da ita ba. Kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

To amma ko da ɗanyen TLX, babban kuskuren da na fi gani shi ne a tattara gidajen shida a dunƙule su lamba ɗaya, a rubuta ta a rahoto, a manta da sauran. A ɗauka, a matsayin misali kawai, ana gwada tsari biyu na cike takardar neman wani abu ta intanet. A tsari na farko mahalarci ya ba tunani 70, aikin jiki 10, matsin lokaci 30, nasara 20, ƙoƙari 60, takaici 50. A tsari na biyu, wanda yake da agogo mai ƙirga daƙiƙu a saman shafi, ya ba tunani 30, aikin jiki 10, matsin lokaci 75, nasara 35, ƙoƙari 40, takaici 50. Jimillar kowanne 240 ce, matsakaicinsa 40. Wanda ya kalli lambar ƙarshe kawai zai ce tsarin biyu duk ɗaya ne, alhali na farko yana fama da kalmomi masu wuyar fahimta, na biyu kuwa da an cire agogon nan da an warware rabin matsalarsa. Amfanin NASA-TLX gaba ɗaya yana cikin wannan rarrabewa. Wanda zai jefar da ita ya riƙe lamba guda, gara tun farko ya yi tambaya guda, ya huta, ya hutar da mahalarci.

Akwai kuma wata matsala ƙarama mai ɓarna babba, wadda duk wanda ya taɓa zama kusa da mahalarci yana cike takardar ya san ta. Layuka biyar suna tafiya daga kaɗan zuwa da yawa, amma layin nasara yana farawa da kyakkyawan sakamako a hagu ya ƙare da gazawa a dama, domin a ci gaba da riƙe ƙa'idar cewa dama tana nufin ƙarin nauyi. Mahalarcin da ya yi aikinsa da kyau, hannunsa ya riga ya saba, sai ka ga ya kai alƙalami can ƙarshen dama da zummar cewa ya yi nasara sosai, ba tare da ya lura cewa ya ba kansa makin wanda ya gaza ba. Wani yakan tsaya, alƙalami a sama, ya sake duban rubutun gefen layin, sannan ya dawo hagu; wani kuwa ba ya tsayawa. Idan binciken na nesa ne, babu mai kallo, wannan kuskure yana shiga cikin bayanan shiru, ya ɗaga matsakaicin da maki da yawa. Haka nan mutane da yawa ba sa ganin bambanci tsakanin yawan tunanin da aikin ya buƙata da yawan ƙoƙarin da suka yi, sai su ba su maki ɗaya don a wuce wurin. Maganin duka biyun shi ne a karanta wa mahalarci ma'anar kowane gida kafin a fara, a kuma ba shi ɗan aikin gwaji ya cike takardar a kansa sau ɗaya, wanda ba za a lissafa ba.

A ɗaya gefen akwai ma'aunai masu tambaya guda. Mafi sauƙinsu shi ne SEQ, wanda yake tambayar mutum, da zarar ya gama aiki, yadda ya ga sauƙi ko wuyar aikin, a kan matakai bakwai, daga ɗaya mai nufin wuya ƙwarai zuwa bakwai mai nufin sauƙi ƙwarai. Ba ya cin fiye da 'yan daƙiƙu, ba ya buƙatar bayani, kuma ana iya maimaita shi bayan kowane aiki ba tare da mahalarci ya ƙosa ba. A nan lissafi yana magana da kansa: idan zama ɗaya yana da ayyuka takwas, ɗanyen TLX zai nemi amsoshi 48, idan kuma aka haɗa da kwatance 15 a kan kowane aiki adadin ya kai 168, SEQ kuwa takwas kacal. Wajen aiki na biyar ko na shida, mai cike layuka shida ya fara jan alama a wuri ɗaya daga sama har ƙasa, kuma takardar auna nauyi ta zama ita ce nauyin.

Sai dai a yi hattara da abin da SEQ yake aunawa. Yana tambaya ne game da aikin, ba game da abin da mutum ya kashe na hankalinsa ba, kuma waɗannan biyun suna kusa amma ba ɗaya ba ne. Ƙwararre zai iya cewa aiki mai sauƙi ne alhali ya tattara hankalinsa duka a kansa, domin ya saba da wannan tattarawar. Sannan wanda ya kuskure hanya bai sani ba, ya danna abin da ba shi aka nema ba, yakan ba da shida ko bakwai cikin farin ciki, don haka makin SEQ ba ya tsayawa shi kaɗai sai an jera shi da bayanin wanda ya kammala da wanda bai kammala ba. Akwai kuma matsalar cunkoso a sama: matsakaicin da aka saba gani a ayyukan manhaja yana wajen 5.5, wato mutane suna taruwa a saman ma'aunin, wuri kaɗan ya rage don bambanta tsari mai kyau da wanda ya fi shi kyau.

Wanda yake son tambaya guda amma wadda ta nufi ƙoƙarin tunani kai tsaye, SMEQ ya fi dacewa da shi, kuma a ganina shi ne ma'aunin da ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ya fito ne daga aikin Zijlstra da van Doorn a jami'ar fasaha ta Delft a ƙasar Holan a 1985, kuma ana kiransa RSME a fannin binciken tuƙi da ayyukan masana'antu. Layi ne a tsaye daga 0 zuwa 150, mai ɗauke da bayanai tara a gefensa, daga babu wahala ko kaɗan har zuwa matsananciyar wahala. Bayanan ba a jera su da tazara ɗaya ba; an ɗora kowanne ne a inda gwaji ya nuna mutane suna jin nauyin kalmar, kuma na ƙarshensu bai kai ƙarshen layin ba, an bar fili a sama ga wanda abin ya wuce masa misali. A 2009 Jeff Sauro da Joseph Dumas sun gwada shi tare da tambaya mai matakai bakwai da wata hanya ta uku da mahalarci ke ƙirƙirar lambarsa da kansa, da mutum 26 a kan manhajoji biyu, suka ga cewa SMEQ da mai matakai bakwai sun fi ta ukun gano bambanci idan mahalarta ba su da yawa, kuma dukansu biyu suna da sauƙin koyo. Nakasunsa na aiki ne: yana buƙatar a zana layin daidai, da bayanan a gurabensu, kuma manhajojin tsara tambayoyi da yawa ba sa ba da wannan cikin sauƙi, musamman a ƙaramin allon waya. Idan aka matse shi aka mayar da bayanan tara jeri mai tazara ɗaya, to an bar SMEQ an koma wani abu dabam. A kuma lura cewa alƙiblarsa kishiyar ta SEQ ce, babbar lamba a nan wahala take nufi, don haka kada a haɗa su a zama ɗaya ba tare da gargaɗi ba.

Ga masu gwada darussa da manhajojin koyarwa akwai ma'aunin Fred Paas na 1992, mai matakai tara na ƙoƙarin tunani, wanda ya samo tushe daga nazariyyar nauyin fahimta ta John Sweller, wadda ke bayanin nauyin da koyo ke ɗora wa ƙwaƙwalwa. Amfaninsa shi ne sakamakon zai yi magana da binciken ilimi da ya gabata. A wannan fanni kuma dole a tuna cewa ƙoƙari mai yawa ba kullum aibi ba ne, domin ɗalibin da bai wahalar da ƙwaƙwalwarsa ba sau da yawa bai koyi komai ba; abin da ake son ragewa shi ne wahalar da tsarin shafi ya jawo, ba wahalar darasin kansa ba.

SWAT, wanda Reid da Nygren suka wallafa a 1988 daga binciken rundunar sojan saman Amurka, yana da gidaje uku, wato lokaci da ƙoƙarin tunani da damuwa, kowanne da matakai uku, amma kafin a fara sai mahalarci ya jera katuna 27 daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi. Ba na ba mai binciken manhaja shawarar ɗaukarsa. Ma'aunin Bedford na Ingila, mai matakai goma, yana tambayar matuƙin jirgin sama yawan sararin hankalin da ya rage masa don yin wani aiki na daban, kuma wannan tambaya tana da ma'ana ƙwarai ga duk na'urar da ake amfani da ita ana cikin wani aikin, kamar allon mota ko na'urar lura da majinyaci.

Duk waɗannan suna da rauni guda da suka yi tarayya a kai, wato ana tambaya ne bayan an gama, kuma tunanin ɗan Adam ba ya adana aiki na minti arba'in daidai da yadda ya gudana. Yana riƙe wurin da ya fi tsanani da kuma yadda abin ya ƙare, sauran ya dushe. Idan aikin dogo ne mai hawa da sauka, lamba ɗaya a ƙarshe ba za ta nuna inda nauyin ya yi tsalle ba. Don wannan aka samar da ISA a fannin kula da zirga-zirgar jiragen sama a Birtaniya, inda ake tambayar ma'aikaci lokaci-lokaci yana cikin aiki, ya danna lamba daga ɗaya zuwa biyar. Yana ba da zanen yadda nauyi ke tashi da sauka, amma yana katse mutum, kuma katsewar ta fi ciwo a daidai lokacin da nauyin ya fi yawa, wato lokacin da aka fi buƙatar amsar.

Wasu za su ce me ya sa ba za a bar tambaya gaba ɗaya a koma auna jiki ba, tunda tun 1966 Kahneman da Beatty suka nuna cewa ƙwayar ido tana faɗaɗa idan mutum yana riƙe da lambobi a ƙwaƙwalwarsa. Gaskiya ne, kuma akwai bugun zuciya, akwai kuma ba wa mutum ƙaramin aiki na biyu a ga yadda saurinsa ke raguwa. Amma ƙwayar ido tana amsa haske fiye da yadda take amsa tunani, shafi fari da shafi baƙi kaɗai sun isa su rikita sakamakon, sannan waɗannan hanyoyi suna buƙatar kayan aiki da ƙwarewar da ƙananan ƙungiyoyi ba su da su. Suna ƙara haske ga abin da mutum ya faɗa, ba sa maye gurbinsa. Wani ruɗanin da ya kamata a kauce masa shi ne ɗaukar SUS, takardar tambayoyi goma ta John Brooke, a matsayin ma'aunin nauyin aiki. Ita tana auna ra'ayin mutum game da sauƙin amfani da manhajar gaba ɗayanta a ƙarshen zama, kuma manhaja na iya samun maki mai kyau a can alhali akwai aiki ɗaya a cikinta da ke jigata kowa.

Ko wanne aka zaɓa, lambar ba ta da ma'ana sai da abokin kwatanci. Rebecca Grier ta tattara sama da maki 1,000 na NASA-TLX daga binciken da aka wallafa, a 2015, ta ga tsakiyarsu tana kusa da 50, amma tazarar da ke tsakanin nau'o'in ayyuka tana da faɗi, har makin da ya zama ruwan dare a wani fanni ya zama abin firgici a wani. Babu wani jan layi da aka amince da shi wanda za a ce daga nan nauyi ya yi yawa. Don haka a gwada sabon tsari da tsoho, ko tsari biyu da juna, kuma idan zai yiwu mutum ɗaya ya gwada duka biyun, domin kowa yana da yadda yake amfani da layi, wani ba ya taɓa wuce 60, wani kuwa daga 70 yake farawa. A sauya jerin gabatarwar tsakanin mahalarta, kada wanda aka gwada na biyu ya ci ribar sabo. Idan kuma mahalartan ba da harshen asalin takardar suke tunani ba, fassara aiki ce mai zaman kanta: kalmar takaici a TLX ta ƙunshi rashin kwanciyar hankali da karayar zuciya da ƙosawa da damuwa, kuma harsuna da yawa ba su da kalma ɗaya da ta ɗauke su duka, sai an gwada fassarar a kan 'yan mutane an tambaye su abin da suka fahimta kafin a dogara da ita.

Idan ayyukan gajeru ne kuma suna da yawa, kamar neman kaya ko sauya kalmar sirri ko cike gajeriyar takarda, zan ɗauki SEQ bayan kowane aiki, in kuma tambayi duk wanda ya ba da huɗu ko ƙasa da haka dalilinsa da bakinsa, domin jimla biyu daga gare shi sukan bayyana abin da gidaje shida za su nuna. Idan tsarin biyun da ake kwatantawa duk suna da sauƙi, bambancinsu siriri ne, ko kuma ƙoƙarin tunani ne ainihin abin tambaya, zan ɗauki SMEQ. Ɗanyen TLX zan ajiye shi ga ayyuka masu tsawo da sarƙaƙiya, waɗanda ba su fi biyu ko uku a zama ɗaya ba, inda kuskure ke da tsada kuma ake buƙatar sanin tushen nauyin, kamar manhajar ma'aikatan jinya ko ta masu amsa kiran gaggawa ko ta masu lura da injuna, kuma a rahoton zan nuna gidajen shida ɗaya bayan ɗaya kafin matsakaicinsu. Wanda ya cire layin aikin jiki saboda aikinsa na zaune ne, ko ya rage gabobi 21 zuwa bakwai don su shiga allon waya, yana da 'yancin yin haka, amma wajibi ne ya rubuta a rahotonsa abin da ya sauya, kuma kada ya jera makinsa da na waɗanda suka yi amfani da cikakken ma'aunin.